A KAI SHI GIDAN MARI?

Akwai wata magana da ke saurin fita daga bakin iyaye da zarar an kama yaro da kwalbar kodin ko ƙwayar tiramol, wato "a kai shi gidan mari". Daga Kaikai zuwa Kusada har cikin Kankiya, da wuya ki ji an kawo wata shawarar bayan wannan. To ni dai ina da ja a kanta.

Ai ba mu manta ba, a watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan horon kangararru a Daura suka fito da mutum 67, har da yara ƙanana, wasu da mari a ƙafa, jiki duk tabon bulala. Kafin nan, a watan Satumba, an fito da sama da 300 daga wani gidan a Rigasa ta Kaduna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yawancinsu ba sato su aka yi ba, iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi.

Ba ina cewa iyayen nan mugaye ba ne, a'a, gajiya ce da kunyar idon jama'a. Amma mari ƙafa kawai yake riƙewa. Ranar da aka kwance yaro, gidan da ya baro nan zai komo, ya tarar da maigida bai san inda yake kwana ba, uwa tana kara wai ɗan fari ne ba ta iya zama da shi, kishiya ta gani ta yi shiru tana jiran ranar dariya. Yaro da ya kai shekara 13 an tura shi shago a waje, ba mai leƙa shi sai abokai. To don Allah me aka gyara?

A 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, bayan rahoton da BBC ta yi. An kyauta, amma mai sha bai rasa abin sha ba. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Nijeriya a shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Ke nan har cikin ɗakunanmu abin ya shigo, ita kuwa budurwa ɓoye ta ake yi don kar ta rasa miji, har sai ta lalace.

A Amurka, tun shekarun 1980 wani masani mai suna Howard Liddle ya tsara wata hanya ta jinyar matasa masu shaye-shaye, inda ake ɗaukar gidan gaba ɗaya a matsayin majinyaci. Mai ba da shawara zai riƙa zama da yaro shi kaɗai, ya zauna da iyaye su kaɗai, sannan ya haɗa su, duk mako har wata 3 zuwa 6. Ba a neman mai laifi. Ana koya wa uba magana ba da zagi ba, a sa dokar lokacin dawowa gida, a san abokai, a tuntuɓi makaranta. Shin wannan baƙon abu ne a wurinmu? Ai da can kawu da gwaggo da liman su ke wannan aikin a zaure, mu ne muka saki.

Sai dai kar a ce zama kaɗai ya isa. Wanda ƙwaya ta kama jikinsa sai da likita, domin tiramol har farfaɗiya take kawowa. A fara da babban asibitin Kankiya, in abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Amma Yaya, ki raka ɗanki, ki lallashi Malam ya bi ku, ku zauna gaban likita tare.

Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.