Kalma mai haruffa 45: an koya mana furuci, an bar ma'ana a baya

Akwai gajerun bidiyoyi da yawa a YouTube da TikTok masu koyar da yadda ake furta pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, kalmar da ta fi kowace tsawo a manyan ƙamusun Turanci. Haruffanta 45, gaɓoɓinta 19. Mai bidiyo zai daddatsa ta, pneu-mo-no-ul-tra, kai kuma ka bi shi kana maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya.

Ta fuskar furuci sun yi ƙoƙari. Suna nuna cewa ba a furta "p" ɗin farko, "niyu" ake cewa. Wannan sauƙi ne ga Bahaushe, tunda gaɓar Hausa ba ta farawa da sautin baƙi biyu a jere. Shi ya sa "bread" ya koma burodi a bakinmu.

To amma datsa kalmar gaɓa-gaɓa hadda ce kawai. Da a ce ta ma'ana suka raba ta, guda bakwai ne kacal: pneumono huhu, ultra fiye da kima, microscopic abin da ido ba ya gani sai da madubin likita, silico sinadarin silika na cikin yashi da duwatsu, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, osis yanayin cuta. Kun ga wanda ya riƙe waɗannan, gobe in ya ga pneumonia a takardar asibiti ya san maganar huhu ake yi.

Abu na biyu da yawancinsu ba sa faɗa: ba likitoci ne suka ƙirƙiro ta ba. A 1935 Everett Smith, shugaban wata ƙungiyar masu wasan kalmomi a Amurka, ya haɗa ta da gangan don ta yi tsawo. Likita silikosis zai ce maka.

Ita kuwa silikosis ba wasa ba ce. Ƙurar silika kan maƙale a huhu ta bar tabon da ba ya warkewa, numfashi ya riƙa yin wuya, haɗarin kamuwa da tarin fuka ya ƙaru. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai a garuruwanmu ita suke shaƙa kullum. Jiƙa dutse da ruwa lokacin aiki da sa takunkumi mai tace ƙura suna rage haɗarin sosai. Bidiyon da ya samu minti guda na jera gaɓoɓi 19 ai bai rasa daƙiƙa goma na faɗin wannan ba.