Sharhi a Kan "Alhaki Kuykuyo Ne": Ina Ne Gidan Rabi?

A cikin wannan littafi na 1990, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta kawo mana Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda Alhaji Abdu ya kora bayan ya auro Delu. Abin lura shi ne, a gidan mijinta Rabi zaman baƙunta take yi: ita ke fama da yara, amma ba mai ganin ƙimarta. Sai da ta fita ta kama sayar da abinci sannan ta san ita ma mutum ce. Marubuciyar ba ta yi mana wa'azi ba, ta bar gumin Rabi ya yi mata shaida.

Inda muke da ja shi ne auren Saudatu da attajiri, domin dukiyar suruki ta kusa rufe ƙoƙarin uwa. Amma ƙarshen labarin ya yi ma'ana: an matsa wa Rabi ta koma wa mijin da ya tsiyace, sai dai wadda ta koma ba wadda aka kora ba ce.

Sababbin marubutanmu su lura: kada darajar tauraruwa ta rataya ga aljihun wani Alhaji.