Jinjina ga Manoman Songhai na Porto-Novo

A hanyata ta Kwatano zuwa Legas wani abokin tafiya ya matsa sai mun ratse Porto-Novo mun ga gonar Songhai. Na ce minti talatin ya isa, amma ban fito ba sai da la'asar ta yi sakaliya.

Wani limamin Katolika ɗan Najeriya, Fada Godfrey Nzamujo, shi ya kafa wurin a 1985, a unguwar Ouando, kan fili mai hekta ɗaya kacal. Abin da ya kama zuciyata shi ne ba a zubar da komai. Kashin kaji da na dabbobi ana tara shi a rufaffen rami, ya ba da iskar gas ta girki, ragowarsa ta koma taki. Tsutsar ƙuda kuwa kifi ake ba.

Na tsuguna bakin wani fangalin latas, na ɗaga busasshiyar ciyawar da aka lulluɓe shi da ita. Ƙasar baƙa wuluk, da danshi duk da zafin rana, ga tana sai kai-komo take yi a ciki. Gefena wata ɗaliba na ɗaure tumatir jikin sanda, hannunta duk laka, ko ɗaga kai ba ta yi don tsabar himma. Na tuna 'yan lambunmu na fadama da tsadar takin zamani ke hana wa barci, alhali bola cike take da taki.

Sannunku da aiki, manoman Songhai, Allah ya ƙara albarka. Mai karatu, in hanya ta bi da kai Porto-Novo, ware musu wuni guda.