Kunama da Saiti: Inda Ake Gane Maƙerin Bindiga

Kowane maƙeri yana iya ƙera fartanya da lauje, amma ba kowa maharba ke miƙa wa bindigarsu ba. A ƙauyukan da ke kewaye da Suleja, mutum kan wuce maƙera biyu ko uku ya nufi wani dattijo guda, don an san hannunsa a kan kunama. Ƙaramin ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, amma a kansa ake auna gwaninta.

Sana'ar ta daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka shigo da bindigogi birnin, kuma Babba Zaki ne ya fara ajiye dakarai masu bindiga a fada. Turawan gaɓar teku ne ke sayar da su, cikinsu har da 'yan Denmak masu sansani a Accra, su biyo hannun fatake har Arewa. In bindiga ta lalace ba a mayar da ita Turai, don haka maƙeran gida suka kwance ta, suka gane cikinta. Suleja, garin da Abu Ja ya kafa a 1828, bayan sarakunan Zazzau na Haɓe sun baro Zariya, ya rayu cikin shirin yaƙi har zuwan Turawa a 1902. Gari irin wannan ba ya wasa da maƙeransa.

Maharbi kan zo da adakarsa a kafaɗa, ya durƙusa ya gaida mai maƙera, ya ce, "Baba, ta yi tauri, sai na ciji leɓe kafin ta tashi." Dattijon ba ya gaggawar ɗaukar magagari. Zai fara tabbatar da babu albarushi a cikinta, sannan ya ɗana ta, ya ja a hankali yana saurare. Yatsarsa ce ke gaya masa ko tsatsa ce, ko ƙarfe ne ya cinye, ko sifirin ne ya gaji.

Ga inda wahalar take. Kunama mai tauri tana sa hannu ya karkace lokacin ja, harbi ya kauce. Mai laushi fiye da kima kuma ta fi haɗari, domin tuntuɓe kaɗai ya isa ta tashi a bayan abokin tafiya. Abin da gwani ke nema shi ne santsi: ta tafi sumul ba tare da ƙarar yashi ba, ta saki a wuri ɗaya kullum, amma ta riƙe kanta in an buga gindin bindigar da ƙasa. Zai goga sau biyu ko uku, ya hure, ya haɗa, ya gwada, ya sake kwancewa. Ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa, shi ya sa rabin gwanintar sanin lokacin da za a ajiye kayan aiki ne.

Sifirin kuwa aikin wuta ne. Yaro na kan zuga-zugi, gawayin ƙirya na ci, dattijo ya riƙe ƙarfen da awartaki yana kallon launinsa. In ya yi tauri da yawa zai karye a ɗanawar farko, in ya yi laushi zai lanƙwashe ya ƙi komawa. Babu ma'aunin zafi a maƙerar, ido ne kawai, shi ya sa aka fi son inuwar rumfa, inda launin ƙarfe ba ya ruɗin mutum.

Sai saiti. A bakin bindiga akwai ɗan ƙwayar tagulla da ido ke bi. Maƙerin kan tambayi mai ita, "Ina take kai maka, hagu ko dama?" Kaucewar da ba ta fi kaurin zare ba a nan tana zama taƙi guda a nesa. Yakan kuma duba yadda katakon ke zama a kafaɗar mai shi, domin dogo da gajere ba sa ɗora kunci wuri ɗaya. Daga nan sai bayan gari, a kafa alama a jikin tudu, don sai an gwada akan san na ƙwarai.

A Amurka, inda Samuel Colt ya yi rajistar ƙaramar bindiga mai juyawa a 1836, masu wannan sana'a suna da makarantu da injuna da ma'aunin nauyin jan kunama. Duk da haka ƙa'idarsu ɗaya ce da ta maƙerin Suleja: a nemi santsi, kada a taɓa abin da ke tsare rai. A nan gida dokar makamai ta 1959 ta sa irin waɗannan ƙananan bindigogi cikin waɗanda aka haramta, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ko adaka ma sai da lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda, ƙera ta da gyaranta kuma sai da izinin hukuma.

Maƙerin kirki yana da tasa dokar tun kafin wannan. Bututun da ya tsage ba ya yi masa faci ko nawa za a biya, domin ya san fuskar wa zai fashe. Baƙon da babu wanda ya san gidansu kuwa, ruwa kawai zai sha ya tafi da kayarsa. A zamanin da rashin tsaro ya addabi Jihar Neja, wannan hali ya kai gwanintar hannu daraja, kuma shi ne ya kamata almajiri ya fara koya kafin a damƙa masa magagari.