Kwalejin Noma ta Writtle: Ina Gona, Ina Dawaki?

Duk ɗalibin da ya zo Ingila da niyyar karatun noma, da wuya a ce bai ji sunan Writtle ba, wato kwalejin nan da ke gefen garin Chelmsford a gundumar Essex, arewa maso gabas da Landan. An kafa ta a 1893 a cikin Chelmsford domin koyar da manoman gundumar ilimin gona da na lambu. A 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen ruwan Jamus ke nutsar da jiragen da ke kawo wa Biritaniya abinci, aka mayar da ita ƙauyen Writtle inda ta samu gona ta kanta. A 2016 ta samu matsayin kwalejin jami'a, sannan a 2024 aka haɗe ta da Jami'ar Anglia Ruskin.

Tarihi dai ya yi kyau, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai karatu ya ɗauki jerin kwasa-kwasanta ya duba da kyau. Zai tarar da kimiyyar dawaki, da kula da karnuka, da gashin ƙashi da tausar dabbobi bayan rauni, sun cika wuri, noma kuwa ya koma ɗaya daga cikin 'ya'yan gida. Ban ga laifin kwalejin ba ƙwarai. Ƙasar da masu aikin gona ba su wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari na ma'aikatanta ba, dole makaranta ta bi inda ɗalibai da kuɗi suke, kuma Bature na kashe wa dokinsa da karensa abin da zai ba ka mamaki. Sai dai makarantar da aka gina domin ciyar da jama'a, idan ta wayi gari dokin sukuwa ya fi alkama daraja a cikinta, ai akwai abin faɗa.

Inda ta cancanci yabo shi ne fannin lambu. Essex na cikin yankunan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Ingila, kuma kwarin Lea da ke iyakarta ya daɗe da yin suna wajen noman kokwamba da tumatir a ɗakunan gilashi, don haka ilimin ya taso ne daga buƙatar maƙwabta. A kan wannan tushe kwalejin ta yi fice da digiri na biyu a fasahar adana amfanin gona bayan girbi: yadda ɗan itace ke ci gaba da numfashi bayan an tsinke shi, yadda zafi ke gaggauta ruɓewarsa, yadda sanyaya shi da wuri da kyakkyawan mazubi ke ƙara masa kwanaki. Wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir na zubar da ruwa a bakin titin Kadawa da Kura ya san wannan darasi namu ne.

Duk da haka, a nan ma da sauran rina a kaba. Koyarwar irin wannan ta ginu ne a kan wutar lantarki da ba ta yankewa da motoci masu firiji. Ɗalibinmu da gwamnatin jiharsa ta biya wa fam dubbai, idan bai matsa wa malamansa da tambayar yadda za a sanyaya kaya ba tare da lantarki ba, ya kuma zaɓi bincikensa a kan haka, zai koma gida da takardar shaida mai kyau da ilimin da ba shi da wurin jona shi.