Wata a Kan Faifan Garmaho

Masu tara tsofaffin faya-fayan garmaho suna da wata ɗabi'a da ba mu cika yarda da ita ba: faifan da ya yi wuyar samu shi ne mai daraja, wanda ya yi yawa kuwa tarkace ne. Da wannan ma'auni, waƙoƙin farin wata na Amurka su ne a ƙasan kwando, don an buga su da yawa har sun gundure 'yan gwanjo. Mu a ganinmu a nan ne ya kamata mai nazari ya fara sa kunne, saboda abin da mutane suka saya da kuɗinsu ke nan.

Shi faifan da shalak ake yin sa, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan, a cakuɗa shi da garin dutse. Yana juyawa sau 78 a minti, kuma fuska ɗaya ta faifai mai faɗin inci 10 ba ta ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3. Mai waƙa ba shi da lokacin gaisuwa da shimfiɗa. Yana bukatar kalma ɗaya da za ta kawo dare da kaɗaici da bege gaba ɗaya, wata kuwa ya yi masa wannan aiki kyauta. Ƙari a kan haka, a Turanci sunan wata da sunan watan Yuni amsa-amonsu ɗaya ne, shi ya sa marubutan waƙa na unguwar Tin Pan Alley ta New York suka yi ta haɗa su har abin ya zama na ba'a. "Shine On, Harvest Moon" ta 1908 da "By the Light of the Silvery Moon" ta 1909 daga wannan masana'anta suka fito.

Wanda ke zargin waɗannan waƙoƙi da zama hajar kasuwa bai yi ƙarya ba. Tarihin "Blue Moon" ya ishe shi hujja. Richard Rodgers ya tsara karin don finafinan kamfanin MGM, Lorenz Hart ya yi ta sa masa baitoci ana sauyawa, har aka rera shi a fim ɗin Manhattan Melodrama na 1934 da wasu kalmomi dabam, babu wata a sunansu. Sai da mai buga waƙoƙi ya nemi abin da zai sayu, sannan Hart ya ɗauko wata ya ɗora. Wato a nan wata talla ne. To amma tallar ta fi duk baitocin da suka gabace ta daɗewa a bakin mutane, wannan kuma mai zargin bai ba mu bayaninsa ba.

Inda faifan kansa ya fi zama shaida shi ne "Blue Moon of Kentucky". Bill Monroe ya ɗauke ta a 1946 a hankali, da kiɗa mai bugu uku-uku, muryarsa siririya can sama, kamar mai kiran wanda ya riga ya yi nisa. A 1954 Elvis Presley ya sake ta a kamfanin Sun na Memphis, ya mayar da bugun huɗu-huɗu, ya ƙara mata gudu da amsa-kuwwa. Baitocin suna nan, amma makokin ya koma rawa. A shekarar nan Monroe da kansa ya sake ɗaukar ta: ya fara da tsohon bugunsa, a tsakiya ya juya zuwa na yaron. A jera fayafayan nan uku a saurara, za a ji yadda wani zamani ya miƙa wa wani sanda cikin ƙasa da minti 10. Mun fi son ta 1946, ko da yake mun san ta 1954 ce ta ci kasuwa.

Ana iya cewa ai duk suna intanet, an ma wanke su daga ƙaraf-ƙaraf ɗin allura. Gaskiya ne, sai dai wankin in ya yi yawa yakan tafi da numfashin mawaƙi da amon ɗakin. Kuma mai wankin daga faifan wani mai tarawa yakan kwafo, domin kamfanoni da dama sun narkar da ainihin faranti na ƙarfe ko sun zubar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, da shalak ya yi ƙaranci, an riƙa karɓar tsofaffin faya-fayai a niƙe su a buga sababbi. A nan masu tarawa sun ci yabo, ko da ma'auninsu ya karkace.

Abin da muke jin tsoro shi ne faifan da aka ajiye a kabad don farashi, ba a taɓa sa masa allura ba. Suna da uzuri: allurar ƙarfe tana cin faifai, ana ma so a sauya ta bayan kowace fuska, shalak kuma in ya faɗi ƙasa ya tashi aiki. Amma akwai injuna na zamani masu allura marar nauyi da ke juyawa sau 78, kuma ba su fi ƙarfin aljihun wanda ya iya sayen faifan Sun na asali ba.