Katangar da Ba Ta Tare Ɓarawo

A watan Maris na 2018 gwamnatin Idriss Deby ta toshe Facebook da WhatsApp da Twitter a Chadi, ba ta sake su ba sai Yulin 2019, bayan kusan wata 16. Hujjar da shugaban ya kafa ita ce tsaro. Sai dai lokacin da aka zaɓa ya tona asirin hujjar: an rufe kafofin ne jim kaɗan bayan wani babban taron ƙasa ya ba da shawarar sauya tsarin mulki ta yadda Deby, wanda ke kan karaga tun 1990, zai iya zarcewa har 2033. Tsaron ƙasa ake nufi, ko na kujera?

Ko a ma'aunin tsaron ma, matakin bai yi nauyi ba. Mai hali ya sauke manhajar VPN, ya biya ƙarin kuɗin data, ya haura. Mai mugun nufi kuwa ba zai rasa wannan kuɗi ba. Waɗanda aka datse su ne ƙaramin ɗan kasuwar N'Djamena mai neman ciniki ta WhatsApp, da ɗalibin da aljihunsa bai kai ba. Katangar da ɓarawo ke haurawa, masu gida kawai ta kulle.